Wayar da Ka Ce Habu Ya Yanke

Zuwa ga Yaya Isiyaku, a tashar manyan motoci ta Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na rubuto ta jarida ne saboda wasiƙuna biyu ba ka amsa ba, kuma na san a tasharku ana karanta jarida da ƙarfi kowa ya ji. To, su ji.

Kaset ɗin da ka aiko wa ɗana Habu ya iso. A tsakar gidana ya kunna shi. Na ji muryarka kana cewa motar rake ba ta da ƙarfin tashi, ya yanke wayar nan mai dalma da ke jikin famfon da ke ba inji gas, ya sassauta notin da ta ɗaure, inji ya sami numfashi. Ka ƙara da cewa, "Kada ka biye wa tsoron mata." Har da dariya.

Bari in tuna maka wace ce matar. Ranar da aka sayo motar nan, kai da marigayi Baban yara ba wanda ya iya karanta littafinta. Ni kuka kawo wa, malamar makaranta, na zauna ina fassara muku shafi bayan shafi, kuna gyaɗa kai. Ni na gaya muku notin nan shi ke hana inji wuce iyakar juyinsa, ko da direba ya take totur har ƙasa. Ni na gaya muku injin yana da abin hura masa iska, wanda kuke kira turbo, kuma in ya kama, ƙarfin yakan zo ne a lokaci ɗaya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Habu yana da hujja. Sau biyu bana motar ta kafe a hawan fita daga fadamar Gubuchi. Aka sauke rabin lodi, 'yan dako suna masa tsiya, motocin Kudan suka riga shi shiga kasuwar Makarfi. Na ga fuskarsa. Na kuma san yadda ƙasa take tun da sojojin nan suka ce a ɗaure ciki: layin mai, shinge bayan shinge, taya ta suɗe ba halin sabuwa. Kowa so yake sawu ɗaya ya ɗauki na biyu.

Amma ihun inji ba shi ke fitar da mota daga taɓo ba. In ya yi yawa, taya ce ke juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. In kuma ta dace da busasshiyar ƙasa ba zato, da lodin rake a bayanta, dole wani ƙarfe ya biya. Maganin kafewa shi ne a rage lodi, a shimfiɗa duwatsu da ganyen rake. Aiki ne na gumi, shi ya sa ba wanda ke aiko shi a kaset.

Yaya, dubi ƙafarka ta hagu.

A hanyar Paki ce, shekarar da kai ma ka sassauta notin. Ka take totur, ka saki kuloci, ƙarfe ya fashe a ƙarƙashinka ya huda dandamalin mota. A kan ƙofa aka ɗauko ka. Bayan nan ne Baban yara ya gyara motar, ya ɗaure notin da waya, ya narka dalma ya like da hannunsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ba don inji na sa ba."

Wata huɗu kana kwance a ɗakina. Ni nake wanke ciwon da ruwan gishiri, kana cije gefen zanena don kada Inna ta ji kukanka. Habu yana rarrafe a lokacin, yakan zo ya kwanta a ƙirjinka ya yi barci. Tun daga nan ba shi da kamar Kawu. Kai ka ɗora hannunsa a kan sitiyari. Maganata yakan saurara, taka yake bi.

Ƙarshen watan nan za a fara saran babbar fadama, kuma Habu ya ce ranar zai yanke wayar. Ban ɓoye makulli ba, ba yaro ba ne. Abin da na gaya masa shi ne, ranar da wayar nan ta bar jikin famfo, zan ajiye alli, in ɗauki mayafina, in shiga gaban mota in zauna kusa da shi, ƙafafuna a kan dandamalin da ubansa ya toshe. Kowane sawu. Ka san ni, ka san zan yi.

Na ba direban da ya kawo kaset ɗinka wani sabo ya kai maka, ba a ɗauki komai a kansa ba. Ba dogon jawabi nake nema ba. Ka ɗauki muryarka a kai, ka gaya wa Habu yadda ka sami ɗingishinka, don har yau cewa yake faɗuwa ka yi daga kan babur.

Allah ya tsare ka a hanyoyin kudu, ya sassauta maka ciwon ƙafar nan da damina, ya dawo mana da kai ka tarar da mu duka.

Ƙanwarka,
Hajara, Gubuchi.