Wa Zai Riƙi Abigail?

Kamazou, Kaduna
Yuli, 2013

Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama da dukan mutanen gida a Zonkwa. Yaya ƙafar? An ce ka ƙi zama, kullum kana gonar citta. Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Ka sha tambayata wane irin aiki ne wannan na gaban kwamfuta da ya hana ni zuwa gida. Yau ga amsa, sai dai ba mai daɗi ba ce.

Kamfaninmu ne ya gina wa asibitin wata masana'anta a Kudenda manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Muna aiki da wani abu da ake kira ORM. Tafinta ne tsakaninmu da rumbun bayanai. Mu gaya masa akwai ma'aikaci, akwai yaro, kuma yaro na ma'aikaci ne, shi kuma ya ɗaure su tare. Masu masana'antar suka ce idan mutum ya bar aiki aka goge sunansa, duk wanda ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Haka aka ɗaura. Babu wanda ya tuna cewa ba kowa ke barin aiki da ƙafarsa ba.

A watan jiya wani direbansu mai suna Daniel ya rasu. Matarsa ta riga shi tun wajen haihuwa. Ofis suka goge sunansa, 'yarsa Abigail ta ɓace tare da shi, har da tarihin sikilar da take fama da ita. Da ciwon ya tashi, ƙanen marigayin, Tanko, wanda shi ma ma'aikacinsu ne, ya saɓo ta zuwa asibitin. Kwamfuta ta ce ba ta san yarinyar ba. Nas ta ba ta magani don Allah, amma ta ce dokar wurin ba za ta bar ta ta sake ba, shi kuwa Tanko ba shi da wani wurin kai ta.

Ni aka kira in duba. Baba, na gan ta a kan benci, ta ƙudundune tana cije leɓe don kada ta yi kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo da bayananta daga ajiya, amma na rasa inda zan rataye su, domin manhajar ba ta san yaro da kowa ba sai wanda ya haife shi.

Ka sa yarinyar nan cikin addu'a. A gaishe mini da Mama.

'Yarka,
Hephzibah

Kamazou, Kaduna
Agusta, 2013

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonka ya iso tare da cittar. Na yi dariya da ka ce kwamfutarmu ba ta da tarbiyya, tunda ba a tashi daga zaman makoki sai an tambayi wa zai riƙi yaran mamaci. Dariyar ba ta ƙare ba na jawo kujera na soma aiki.

A cikin ORM ɗin nan akwai abin da muke kira huk. Umarni ne da ake ajiyewa a bakin wani mataki, kamar kafin a adana suna ko kafin a goge shi, ba ya motsi sai an iso wurin. Na rubuta ɗaya a bakin gogewa. Yanzu idan aka zo cire ma'aikacin da ya rasu, sai ya tare hanya ya tambayi wa zai riƙi yaransa, kuma ba ya matsawa sai an amsa. Na kuma ƙara sabuwar dangantaka, ta riƙo, kusa da ta haihuwa.

Ogana Nicholas ya duba, ya ce aikin ya yi kyau amma ba zai sa hannu ba. Wai idan aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai kwaso 'ya'yan ƙauyensu ya ce riƙo ne, masana'antar ta kore mu. Mutumin kirki ne, sai dai ko inuwarsa ya gani sai ya nemi izini. Na nuna masa cewa mutuwa kaɗai ke buɗe ƙofar. Ka san bakina, gadonka ne, ban bar shi ya sha shayinsa ba sai da ya yarda mu kai maganar gaban manajar asibitin, ita ta yanke.

Ina jin tsoro, Baba. Maganin Abigail ya kusa ƙarewa, ga sanyin damina da ba ya shiri da sikila. Idan manajar ta ƙi, ban san da wane ido zan kalli Tanko ba.

Ka huta da gonar nan, don Allah.

Taka,
Hephzibah

Kamazou, Kaduna
Agusta, 2013

Babana,

Ina gaisuwa da farin ciki, da fatan kun tashi lafiya. Manajar ta yarda! Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ita ma a hannun gwaggonta ta girma, a kunna abin. Oga Nicholas kuwa har da gyaɗa kai, sai ka ce shi ya kawo shawarar.

Aka kira Tanko ya zo a sa sunansa. Ashe labari ya zaga masana'anta. Sai ga shi da matarsa Edith, wadda ke sashen ɗaure kaya. Ta ce ita ke kwana da yarinyar, ita ke dama mata kunu, don me za a rubuta mijinta a bar ta? Ba su gama ba sai ga Isiyaku, abokin tuƙin marigayi, hula a hannu. Ya ce Daniel ya ba shi amanar yarinyar a gadon asibiti, shi ma ba zai koma ba sai an sa shi, don ko Tanko ya bar aiki wata rana kada ta sake ɓacewa.

Ni kuma gurbin mutum ɗaya na yi. Suka tsaya a kaina suna musu, ina kallonsu hawaye na neman kunyata ni. Na sa Tanko tukuna don likita ya ga Abigail, ya kuwa gan ta, ta karɓi maganinta. Tana fita tana tsotsar lemo, ta tambayi Edith me ya sa manya ke faɗa. Edith ta goge ido da bakin zani ta ce mata a kanta ne.

Don haka ka gaya wa Mama kada ta yanka kazar da ta ajiye don zuwana, ba zan zo wannan Asabar ba. Sai na sake gina dangantakar, yadda yaro ɗaya zai iya zama na mutane da yawa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Hephzibah Shekari