An Binne Ka Ban Sani Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Iliya,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, to amma wa zan faɗa wa? Kai kaɗai ne kake barina in yi magana har in gaji.

Yau kwana goma sha ɗaya da ka tafi Onitsha da buhunan wake. Kwana uku ina kiran wayarka tana kashe, ina ta faɗa a raina cewa ka sake mantawa da caji. Ashe tun ranar farko tirela ta bi ta kan keken da ka shiga. Hausawan kasuwar suka zo suka ga mutum da kaftani da hula, katin shaidarsa ya ce Haruna Yakubu daga jihar Katsina. Me za su yi tsammani? Suka yi maka wanka, suka sa ka a likkafani, suka sallace ka, kafin la'asar kana cikin maƙabartarsu. Sai da aka buɗe jakarka daga baya aka ga littafin waƙoƙi da hatimin ikilisiyarmu ta unguwar Diobu a nan Fatakwal.

Shekara nawa ina maka tsiya a kan hular nan? Inyamurai su ce maka aboki, 'yan uwanmu na arewa su ce Malam, kai kuwa sai dariya. To ga inda ta kai mu.

Wani dattijo mai goro, Alhaji Sale, shi ya jagoranci jana'izar. Da kansa ya hawo mota har Fatakwal, ya cire takalmi a ƙofar ɗakinmu, ya ce wallahi alheri suka yi nufi, ba su so a bar ɗan uwa yashe a bakin titi. Ko kallonsa ban yi ba. A gaban matasan coci na ɗaga murya na ce a tono mini mijina. Ni na faɗa, Baban Iliya, ba wani ba, kuma ɗanka yana tsaye yana ji.

Yanzu Iliya ya riƙe maganar da hannu biyu. Ya samo bas, ya tara samari sama da goma, sun sayi shebur a kasuwar Mile One, jibi Litinin za su tafi. Can kuma an aiko cewa ba a tone kabari a maƙabartar Musulmi, kuma matasansu sun fara zama a bakin ƙofar. Ka san ɗanka. Zuciyarka bai ɗauko ba, tawa ya ɗauko. Fasto ya yi masa magana sau biyu, amsarsa ɗaya ce: uwarsa ce ta sa shi. Idan shebur ya taɓa ƙasar nan, wa zai dawo mini da yaro?

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa Fasto ba. Na yi fushi da Ubangiji. Mutumin da shekara ashirin da biyu shi ke buɗe majami'a, shi ke jera benci, a ce ko waƙa ɗaya ba a yi a kansa ba? Mako guda ban durƙusa ba. In na buɗe baki sai in ji kamar na tauna garwashi.

Matan zumunta ba su bar ni ba. Kullum biyu suna nan, ɗaya na tuƙa tuwo, ɗaya na zaune kusa da ni. Jiya Mama Rifkatu, shugabarmu, tana tsince shinkafa ta tambaye ni ko ina ganin ranar da za a busa ƙaho Yesu zai tsaya neman adireshinka. Haushi ya kama ni, sai kuma na fashe da kuka. Da safen nan na yi addu'a, gajeriya, ba daɗi, amma na yi. Ban gane abin da Allah ya yi mini ba har yanzu. Na dai yarda ya san inda ka kwanta, kuma hannuwan da suka wanke ka ba na maƙiya ba ne.

Gobe bayan sujada zan miƙe a gaban ikilisiya in janye maganata. Iliya zai iya cewa na sayar da ubansa, zai iya daina yi mini magana, ban sani ba ko zai ji. In ya ƙi, ranar Litinin ni zan riga kowa shiga bas ɗin, in zauna a kan kabarinka, ya fara da ni.

Ka yafe mini da ba zan kai ka gida kusa da mahaifiyarka ba. Na riga na ba ƙasar Onitsha mutum ɗaya, ba zan ƙara mata na biyu ba.

Ka huta, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Matarka mai yawan faɗa,
Saratu