Na Rina Jakar Mahaifiyarmu, Yanzu Yaya Tana Nemanta

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. Kaina ya ɗaure, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ungozoma ce a asibiti. Tana da wata jakar hannu ta fata, ruwan ƙasa, irin ta manyan kamfanonin nan masu tsada, da mahaifinmu ya sayo mata tun ban san kaina ba. Kusan shekara talatin tana riƙe da ita, har hannun jakar ya yi duhu daidai inda yatsunta ke zama. Bayan rasuwarta yayata ce ta adana ta cikin rigar filo a saman kabad. Bara da na samu aikin karɓar baƙi a wani ofis, ta ɗauko ta ba ni tana hawaye.

Anti, a ofishin nan namu jaka ake fara gaisarwa kafin mai ita. Akwai wata da muke kira Uwar Yayi, ita ke sanar da abin da ake yayi duk bayan wata uku. Lokacin da na fara aiki ƙananan jakunkuna masu ƙyalli ake yi, waɗanda ko waya ba ta shiga sai an karkata ta. Da ta ga tawa a kan tebur, sai ta tambaye ni ko kwana na zo yi. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma a banɗaki na ƙarasa da kuka.

Washegari na kai jakar wurin mai gyaran takalma na bakin titinmu. Sau uku dattijon nan yana cewa in bari, na kafe. Ya rina ta baƙa wuluk, ya cire hannun ya sa mata sarƙa. Duk da haka ko kallo ba ta ishe su ba.

Ga inda na ruɗe. Watan jiya Uwar Yayi ta shigo da ƙatuwar jaka ruwan ƙasa, duk ta koɗe, kusurwoyinta a goge. Sabuwa ce dal, wai da gangan kamfanin ya tsufar da ita, shi ne yayin bana. Har tambayata ta yi ina tsohuwar nan tawa, wai irinta ake nema ruwa a jallo. Anti, wannan wace irin duniya ce? Bara tsufa abin kunya ne, bana sayensa ake yi?

Ana cikin haka Yaya ta kira. 'Yarta ta gama makarantar ungozoma, ranar Asabar za a ba su takardar shaida, tana so ta ɗauki hoto riƙe da jakar kakarta. Kafin in ankara na ce jaka tana nan lafiya lau. Yanzu tunani uku nake yi: in ce an sace, ko in kankare rinin da soson ƙarfe tunda koɗaɗɗiya ake so, ko in nemo mai kama da ita a gwanjo. Wanne ya fi dama-dama?

Mai Baƙar Jaka

'Yar uwa, duk ukun babu na ɗauka. Ajiye soson nan, fatar za ki kashe gaba ɗaya. Ta gwanjo kuwa, wadda ta yi shekaru tana adana jakar nan ko ido rufe ta san ta. Batun sata kuma, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba zan yi miki dogon faɗa ba. Sabuwar ma'aikaciya da aka yi wa dariya a bainar jama'a, kowa ya san zafin abin, kuma kyauta aka ba ki. Amma ki duba ɓangaren yayarki: abin da ya rage mata na mahaifiyarku ta cire ta damƙa miki. Yayi kuwa kada ya ruɗa ki, kasuwa ce kawai. In ba a sauya ba, wa zai sayi sabuwa? Uwar Yayin taku ma bi take yi.

Gobe da safe ki koma wurin dattijon. Masu sana'arsa ba su cika zubar da fata mai kyau ba, balle wanda ya hana ki har sau uku. Ki tambaye shi tsohon hannun, in yana nan ya cire sarƙar ya mayar da shi. Rinin kam kada ki sa rai zai fita.

Ko ya samu ko bai samu ba, ki ɗauki jakar ki je gidan yayarki da ƙafarki, ba ta waya ba, kada ta fara ganinta a gaban jama'a. Ki gaya mata komai, har da kukan banɗaki. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi, kada ki kare kanki.

Yarinyar nan ba launi take nema ba, so take ta sa yatsunta inda kakarta ta sa nata. Allah ya sa hannun yana nan cikin kwalin dattijon, ya jiƙan mahaifiyarku, ya sanyaya zuciyar yayarki.