Ƙidayar Zangon Sama

Maamobi, Ankara, ƙasar Gana
9 ga Mayu, 2021

Zuwa ga Malam, Baban Zuera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen Zangon Sama baki ɗaya. Yaya ibada, yaya tarin nan naka? Allah Ya karɓi azuminmu, Ya nuna mana salla lafiya.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Muftahu direba, ranar da ya sauke doya a kasuwar Agbogbloshie. Na karanta ta sau uku. Aikin da aka yi min a gwiwa ya yi kyau, in ji likita. Ina takawa da sanda daga ɗaki zuwa bakin famfo, in huta, in dawo. Zuera da mijinta Zubairu ba su rage ni da komai ba, kada ka sa damuwa a ranka.

Abin da ke damuna shi ne ido ba shi da wurin zuwa a garin nan. In na leƙa taga, bangon maƙwabci nake gani, kusa har zan iya taɓa shi da sandata. Shekara arba'in da huɗu na saba in fito da safe in ga ƙauyuka bakwai na gundumar Kebanta a ƙarƙashina, kowane a kan tudunsa, gajimare kwance a kwari, duwatsun Togo can gabas. Nan kuwa sai ƙarar tiro-tiro masu ɗaukar fasinja da warin ruwan datti na gota.

Amma Malam, ashe nan garinmu ya koma. Tun da aka ji ungozomar Zangon Sama tana Maamobi, ƙofar Zuera ba ta rufu ba. Ukasha ya zo, ɗan marigayi Issaka mai goro, wanda ya fito da ƙafa ranar haihuwarsa na sha wahala a kansa. Yanzu malamin sukuru ne a Kotobabi, yana koyar da yara boko. 'Yan biyun Salimatu sun zo, suna sayar da albasa. Wasu sai sun faɗi sunan uwarsu nake gane su. Na zauna da Ukasha mun lissafa: mutum ɗari da arba'in da shida 'yan Zangon Sama ne ke zaune tsakanin unguwannin Nima, Maamobi, Kotobabi da Fadama, ban da 'ya'yan da suka haifa a nan. Fiye da rabinsu a hannuna suka faɗo duniya.

Maganar da ka rubuta ta tsaya min a rai. Ka ce ɗan majalisar gunduma ya hau dutsen ya gaya muku za a yi ƙidaya a ƙarshen watan gobe, kuma in mutanenmu suka gaza ɗari, za a ɗauke Madam Zelia nas a mayar da ita ƙasan dutse, a rufe ɗakin magani. Ka ce ku arba'in da uku kuka rage. Na tuna lokacin da aka kawo ni amarya, gida tamanin ke hura wuta, ranar Juma'a sahu har bakin bishiyar piya. In aka ɗauke nas, wa zai yi wa tsofaffin nan allura? Wa zai duba ƙirjinka?

Ukasha ya ce inda mutum ya kwana ranar ƙidaya, can ake rubuta shi. Akwai abin da nake saƙawa, amma bari in ga ko zai yiwu kafin in ɗaga maka rai.

Na aiko da sukari da man zafi. Ka gaida min maƙwabciyarmu Nasira da mijinta, da duk wanda ya tambaye ni.

Taka har kullum,
Abibata


Maamobi
14 ga Yuni, 2021

Malam,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya yi kewa. Ina fata kana lafiya, kuma ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Nan ma ana yi, har ya shiga wasu gidaje a gefen gota.

Abin da na ce ina saƙawa ya fara tsayuwa. Jiya bayan la'asar muka tara mutanenmu a harabar wani masallaci a Nima. Zubairu ya ɗauko min kujera. Mutum sittin da wani abu suka zo, ban taɓa ganin 'yan garinmu da yawa haka a wuri ɗaya ba tun jana'izar tsohon liman.

Ukasha ne ya fara magana. Ya buɗe taswirar ƙasa a wayarsa, ya nuna mana Kebanta. Ƙanƙanuwa ce, Malam, babban yatsana ya rufe ta. Ya ƙara girmanta, muka ga kogi, muka ga Kasuwar Ƙasa inda hanyar mota ta ƙare. Daga nan zuwa sama babu komai sai kore. Babu sunan Zangon Sama. Wani saurayi da aka haifa a Fadama ya yi dariya ya ce da Turanci, ashe garin da ake ta ba su labari ma babu shi. Ban ji haushinsa ba. Bai taɓa shan ruwan idon dutsenmu ba.

Da aka ba ni dama na ce musu ban zo roƙon kowa ya koma gida ba. Na san gonakin koko sun tsufa, na san awa biyu ake yi ana hawa da kaya a kai, na san babu waya sai an je kan falalen dutse. Kwana biyu kawai nake roƙo. Mu hau ranar Asabar, mu kwana Lahadi, a rubuta mu a ƙofar iyayenmu, mu sauko. Na dubi su ɗaya ɗaya ina kiran ɗakin da aka binne cibiyar kowa. Wasu matan sun yi kuka. Mutum sittin da ɗaya suka ba da suna. In aka haɗa da ku, mun kai ɗari da huɗu. Muftahu ya ce lorinsa da ta abokinsa za su ɗauke mu.

Zuera ba ta so in bi su. Ta ce, "Mma, ƙafar da ko bakin titi ba ta kai ki ba, ita za ta hau dutse?" Na ce mata samari sittin ba za su rasa yadda za su yi da tsohuwa ɗaya ba.

Don haka ina roƙonka, a buɗe gidajen da ke kulle su sha iska, a sare ciyawar hanya, a duba ko macizai sun shiga ɗakuna. Shinkafar dutse da ke rumbuna, a fitar a sussuka duka, kada a rage. Ka sa Nasira ta jagoranci girki, amma kada ta ɗaga babbar tukunya. Daga yadda ka kwatanta rashin cin abincinta, ni na san abin da ke tafe.

Wata huɗu rabona da ganinka. Ban faɗa wa kowa ba, amma rabin dalilin wannan tafiya kai ne.

Matarka,
Abibata


Maamobi
2 ga Yuli, 2021

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma sama lafiya ranar nan, kuma jiƙewar da ka yi ba ta tayar maka da tari ba. Ni na iso, sai dai gwiwar ta kumbura, ina kwance.

Na rubuto ne in gaya maka abin da nake ta faɗa a bakin kogi, wanda ƙarar ruwa ta hana ka ji.

Ranar Asabar tun da sassafe muna Agbogbloshie, lori biyu a tsaye. Muka jira har rana ta take. A cikin sittin da ɗaya, mutum tara suka zo. Wani maigidansa ya hana shi hutu. Wata ta ce in ta bar teburinta kwana biyu, wata za ta zauna a wurin. 'Yan biyun Salimatu sun aiko cewa albasarsu ta iso. Wasu sun kashe waya. Akwai wanda ya zo da kansa ya durƙusa ya ce min, "Mma, ki yafe min. 'Ya'yana nan suke sukuru, nan suke zuwa asibiti. In za a ƙirga ni, gara a ƙirga ni inda nake." Bai kuwa yi ƙarya ba.

Muka sallami lori ɗaya. Mu goma muka tafi: ni, Ukasha, tsofaffi mata biyar, da maza uku. Tara ba za su cika ɗari ba, kowa ya sani, amma babu wanda ya ce a fasa. Muka kwana a hanya saboda taɓo, sai Lahadi da hantsi muka isa Kasuwar Ƙasa. Can aka gaya mana ruwa ya tafi da gadar katakon da ke kan kogi tun ranar Alhamis.

Sauran ka gani da idonka. Ukasha da wani suka ɗauke ni a kujera har bakin kogi. Na ɗaga kai na ga kwanon masallacinmu yana ƙyalli a sama, na ga hayaƙi yana tashi wuri huɗu, na san girkin mutum sittin ake yi. Sai ga ka kana saukowa da lemarka baƙa, kana dafa duwatsu. Ka rame, Malam. Ba ka gaya min ka rame haka ba.

Na ga kana ƙirga mu da yatsa. Na ga ka sake ƙirgawa, ka leƙa bayanmu ko akwai sauran. Abin da nake ta ɗaga murya ina faɗa shi ne ka yi haƙuri, ni na sa ka share gidaje a banza. Ina kuma cewa ka koma, ruwa na dukanka. Kai kuma ka yi ta magana kana nuna sama, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ka rubuto min abin da ka ce, don Allah, ko faɗa ne.

A gidan wata mai sayar da kifi muka kwana. Washegari ma'aikaciyar ƙidaya ta zo, yarinya mai ladabi, ta rubuta mu a matsayin baƙin Kasuwar Ƙasa. Na ce ta rubuta ni a Zangon Sama, ga shi can ana gani. Ta ce ba ta da iko.

Shinkafar da ta rage a raba wa mutane kafin ta lalace. Ka gaida kowa, ka ba su haƙuri a madadina.

Taka,
Abibata


Maamobi
20 ga Fabrairu, 2022

Baban Zuera,

Sallama, da gaisuwa, da addu'ar Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri. Yaya sanyin dutse? Ina yi maka ta'aziyyar Baba Zulkarnaini da Iya Hafsa. Allah Ya jiƙansu. Ka ce ku uku kuka haƙa kabarin Baba, kuka wuni kuna yi. Na daɗe ina riƙe da takardar ban iya ci gaba da karatu ba.

Nasira ta sauka lafiya ranar Talata a asibiti nan Ankara, namiji. Da ba a ɗauke muku Madam Zelia ba, da a gida za ta haihu, amma gara da mijinta ya sauko da ita da wuri, don yaron ya zo a gicciye, sai da aka yi mata aiki. Ban shiga ba, a benci na zauna a waje. Da aka miƙo min shi na duba cibiyarsa, an ɗaure da kyau, babu abin da zan gyara. Za a yi suna a Kotobabi. Mijinta ya sami aikin gadi, ya ce in gaya maka ba za su dawo ba, kunya ta hana shi rubuto maka da kansa. Ita ce mace ta ƙarshe a garinmu da ke cikin shekarun haihuwa. Ka san ma'anar wannan, ba sai na faɗa ba.

Bisa lissafinka, ku ashirin da shida ne yanzu, mafi ƙanƙanta a cikinku ya haura hamsin.

Akwai magana biyu da na ɓoye maka. Ta farko, likita ya ce tafiyar bara ta ɓata aikin da ya yi. Ba zan ƙara hawa dutse ba, ko matakala uku sai an riƙe ni. Na yi ta rubuta maka cewa bayan damina zan dawo, bayan Maulidi zan dawo. Ba gaskiya ba ne, kuma ina jin ka sani.

Ta biyu, Muftahu zai daina zuwa Kebanta. Doyar da ake saukowa da ita ba ta cika rabin lori, masu noman sun ƙare. Wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Bayan shi ban san wanda zai kai maka takarda ba, kai kuma ba ka iya hawa falalen dutse don neman waya.

Na karanta amsarka ta wancan karo. Ka ce in ka sauko babu mai kiran salla, babu mai wanke wanda ya rasu, kuma ba za ka bar mutanen da suka bi ka salla shekara talatin su mutu su kaɗai ba. Gaskiyarka. Da ka ce akasin haka, da ba kai ba ne. Amma ni ma mutum ce, Malam. Zuera ta gyara ɗakin baya, akwai masallaci a bakin lungu, taku ashirin ne. Akwai likitan ƙirji. Ba na jin daɗin garin nan, kai ma ba za ka ji ba, sai dai za mu ƙi jin daɗinsa tare.

Na aiko da rigar sanyi biyu, da maganin tari na wata shida, shi ne iyakar abin da suka yarda su ba ni. Ka sa a sare reshen da ya kwanto kan rufin ɗakinka kafin iskar farkon damina.

Muftahu zai yi lodi a Kasuwar Ƙasa ranar Alhamis. An gyara gadar, ana wucewa. Na roƙe shi ya jira har a yi azahar, ya bar kujerar gaba babu kowa, ko za ka sauko. Ya tambaye ni, in azahar ta wuce fa? Na ce ya ba wani fasinja kujerar.

Ka yafe min duk abin da na yi maka a zamanmu. Ni na yafe maka, har da wannan.

Matarka,
Abibata