Babban Yatsan Gidanmu

Kafanchan, 24 ga Fabrairu

Yaya Regina,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da mutanen Kachia duka.

Kafaɗar ’yata Afiniki ta sake gocewa ranar Alhamis, wata bakwai bayan tiyata. Ba faɗuwa ta yi ba. Hannu ta ɗaga a aji don ta amsa tambaya. Wannan ne karo na goma sha ɗaya, kuma shekarunta sha biyu. Ba ta ma yi kuka ba, ta dai nemi a kira ni.

Washegari na kai ta wurin wata likitar ƙashi a Jos. Ta sa Afiniki ta lanƙwasa babban yatsanta, ya kwanta a kan tsintsiyar hannu kamar ba ƙashi a ciki. Ta ja fatar bayan hannunta, fatar ta biyo ta. Sannan ta juyo ta ce ni ma in gwada. Yaya, nawa ma ya kwanta.

Ta bayyana mini cewa jijiyoyi da tantanin da ke riƙe gaɓoɓin yarinyar ne suke da laushi tun haihuwa, kuma abin yana bin jini. Ɗinkin da aka saba yi wa sauran yara bai cika riƙe irin wannan jiki ba. Da likitan bara ya sani, da ya bi wata hanya.

Bai sani ba domin ni na ɓoye masa. Ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangi, na ce babu. Kin tuna lokacin ne mutanen Godogodo ke binciken gidanmu saboda auren ’yarki Stella, kika ce kada kowa ya ɗaga zancen ciwon gado. Ban ɗora miki laifi ba. Na yi shekara ashirin a gidan jarida ina gyara kurakuran wasu, amma na ba likita labarin ƙarya da bakina.

Likitar tana son sanin komai game da Baba. Ina ɗan shekara shida ya rasu, ke ce kika san shi. Ki rubuto, ki ba direban da ya kawo wannan. Ba maganar waya ba ce.

Ƙaninki,
Yafet

Kafanchan, 10 ga Maris

Yaya Regina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar da kika ce tana damun ki? Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku.

Ban taɓa sanin cewa kullum da safe Mama tana ɗaure wa Baba kafaɗa da tsohon zane a ƙarƙashin riga kafin ya tafi haƙar citta ba. Ban san kuma cewa a kan kunyar gona ya faɗi, yana da shekara arba’in da huɗu, ba tare da ya yi jinya ba. Mu dai an ce mana asiri ne. Da na karanta wa likitar wannan wurin, ta ajiye biro, ta ce sai an ɗauki hoton zuciyar Afiniki kafin a sa ta barci don sabuwar tiyata, har da tawa, domin wannan laushin yana iya taɓa zuciya.

Aikin da za a yi shi ne a buɗe kafaɗar, a tsuke tantanin, a ƙara masa wata jijiya don ya yi ƙarfi. Likitar ba ta yi alkawarin zai riƙe ba. Afiniki ta roƙe ta ta ɗaure shi tamau yadda ake ɗaure buhun citta, kuma tana gaya wa ’yan ajinsu cewa ita kaɗai ce ta ci gadon ubanta yana raye. Na yi dariya, amma na gaji, Yaya. Uwarta Joanna ta daina yi mini maganar bara, shirun ya fi faɗan nauyi.

Kin roƙe ni kada Stella ta ji, tun da tana da ciki. Na riga na gaya mata jiya, ita da mijinta. Ki yi fushi in kin ga dama, zai wuce.

Ki gai da kowa, ki sa mu a addu’a. An rubuta mana ranar tiyatar, Talata, 18 ga wata, amma da fensir, sai sakamakon hoton zuciya ya fito. Har yanzu bai fito ba.

Ƙaninki,
Yafet