Kaurar Malam Gide a Bayan Aji Huɗu

Ƙanƙara,
8 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hussaina da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a abin da ka noma bana a can Taraba. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har gidan Hajiya Dada takan taka da kanta, ko da yake in ka tambaye ta cewa za ta yi tana nan jiya i yau. 'Yarka Hafiza ta yi tsawo, ta kuma ƙara baki. Na zaɓi in rubuto maka ne domin kai ba a dogon zance da kai a waya, ana fara magana sai ka ce ma'aikata na jiranka.

Ka san tun bara ni ke riƙe da ajin su Hafiza, kuma da suka shiga aji huɗu hedimasta ya ce in bi su. Kowace Alhamis muna da fita. Nakan jera su biyu-biyu, mu je mu ga yadda mutane ke sana'a, ranar Litinin kowa ya rubuta abin da ya gani. Mun je maƙera, mun je injin niƙa, mun je wurin likitan dabbobi inda rabin ajin suka watse da aka fito da allura. Mun je kasuwar hatsi ma. Duk cikin gari ne, don hedimasta ya hana a wuce gidajen ƙarshe da 'ya'yan mutane, kuma ban ga laifinsa ba. Da damina ta zo, littafi ya ce a kai yara gona. Sai na roƙi filin bayan ajinmu, muka yi kunya goma sha biyu, aka kewaye da ƙaya. Yawancin yaran nan 'ya'yan manoma ne da suka baro ƙauye kamar yadda muka baro namu a gefen Yargoje. Suna ƙanana aka taso, don haka gona a wurinsu labari ce.

Na faɗi maganar a gida a gaban Baba. Washegari sai ya miƙo mini gorar nan tasa mai toka. Ka san abin da ke ciki: irin dawa, kaurar kakanmu Malam Gide, wadda Baba ya ɗauko ranar da muka taso, ya bar buhunan masara. Shekara biyu yana sabunta ta a wani fili da aka ara masa, har mai filin ya yi gini. Abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba, kuma ya ce ya bincika wurin duk waɗanda muka taso tare, babu mai sauran ta. Ya ce in ta ƙara shekara a gora ba za ta tsira ba. Na ce masa yara ne fa, ya ce ai shi ma yaro ne aka koya masa. Muka shuka, rabi ya fito.

Mako na uku da fitowarta aka kira mu taron malamai a ranar Alhamis. Na bar ajin hannun Malam Adnan, sabon malami, mutumin kirki, amma haihuwar birni ne, tuwon dawa kawai ya sani. Na ce masa aikin ranar cire ciyawa ne. Ban nuna musu wacce ce ciyawar ba, domin ko a mafarki ban zaci akwai ɗan Bahaushe da zai buƙaci a nuna masa ba. Laifina ke nan, ba na Malam Adnan ba. Yara suka duƙufa, suka tuge duk abin da ke da dogon ganye. Wake da kuɓewa suka bari, don su sun yi musu kama da shuka. Hafiza ce ta fi kowa tarawa, har aka tafa mata, ta ɗauro nata ta kawo wa akuyar Inna.

A bakin akuya Baba ya ga kaurar ubansa. Inna ta ce bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dai ture akuyar, ya tsince masu sauran saiwa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya sa Hafiza a gaba zuwa makaranta. Mutumin da tun da aka karɓe filin aron nan masallaci ne iyakarsa. Na dawo daga taro na same shi durƙushe yana dashe, Hafiza na zuba ruwa tana kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bar wannan in ɗebo ruwa. Tsakanin waɗanda ya dasa da waɗanda suka kuɓuta a bakin shinge, goma sha ɗaya suka rayu.

Tun daga nan Baba ya zama ɗan makaranta. Duk hutun Agusta shi ke gadin kara goma sha ɗayan nan, da tabarmarsa da butarsa. Da aka dawo hutu, fitar Alhamis ta koma bayan aji, shi ne malami, ni mai tsawatarwa. Yakan tsuguno da su ya sa su murza ganye, su bambance dawa da gero da ciyawa. Ya koya musu maimai, ya koya musu korar tsuntsaye da gwangwani, wanda shi ne darasin da suka fi ƙwarewa a kai, har malamin aji biyar ya kai ƙara. Malam Adnan ma yakan tsaya a baya da littafinsa yana rubutawa, wai kada a maimaita. Iska ta karya biyu, tsutsa ta ci ɗaya. Takwas suka fitar da zangarniya, aka yanke su makon jiya.

Ni na ɗauka gora za a mayar, har na tanadi toka. Ranar Alhamis ɗin nan Baba ya zo da irin a ƙwarya, ya sa na yayyaga tsofaffin takardun jarrabawa, ya riƙa kiran yara da sunan ubanninsu yana ƙulla wa kowa 'yan ƙwayoyi. Yara talatin da bakwai, har da Malam Adnan. Ya ce kowa ya kai wa babansa, a shuka baɗi ko a gindin katanga ne. Na ja shi gefe na ce wasu kafin su isa gida za su zubar, wasu kaji za su ba. Ya ce ya sani. Ya ce shekara huɗu yana riƙe da ita shi kaɗai, akuya ɗaya ta kusa ƙarar da ita, amma gida talatin da bakwai ba za su yi sake a rana ɗaya ba. Har yanzu ban tabbata dabara ce ba.

Ƙullin da Harisu direba zai ba ka tare da wannan takarda rabonka ne, kuma shi ne mafi girma. Baba ya ce ka nemi wuri mai jigawa, kada ka haɗa ta kusa da wata dawa, kuma kada ka yi gaggawa, ba ta son a shuka ta da ruwan farko. Da ya gama ƙulla naka na leƙa ƙwaryar, babu ko ƙwaya. Na tambaye shi ina nasa. Ya karkaɗe hannu ya ce shi ya gama shuka, ya ba Inna gorar ta zuba gishiri. Ban taɓa jin ya faɗi cewa ba za mu koma gida ba sai ranar, kuma ko ranar ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba.

Inna tana gaishe ka, Hajiya Dada ma haka. Hafiza ta ce a gaya maka yanzu ta san dawa. Ka gaishe mini da Yaya Hussaina, da Mas'ud da Fatima Zahra'u, da Kawu Abdulgafar in kun haɗu. Ka ajiye ƙullin inda ɓera ba zai kai ba. Allah ya kai mu damina da rai da lafiya.

Ƙanwarka,
Barakatu.