Wasiƙu Uku Saboda Absalom

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2014
Keturah ta iso da hantsi, ita da 'ya'yanta mata biyu, ƙafafu duk a kumbure. Kwana huɗu daga Mubi, rabi a daji. Ba Absalom. Sun rabu ne lokacin da harbi ya yi tsanani, ta ce ta hango shi ya yi gabas yana ɗingishi. Absalom fa! Shekara goma sha tara yana tuƙa ni, ƙasa uku, bai taɓa sa na makara a fadar kowa ba. Na ce uwargida Aminat ta buɗe wa matarsa ɗakin baƙi. Jimeta ta cika maƙil, har a barandar shaguna ake kwana. Wannan ce ƙasar da na yi shekara talatin da biyar ina wanke mata fuska a waje?

Talata, 4 ga Nuwamba
Wani direban tasha ya kawo labari. Absalom na raye, yana Kamaru. Jandarmomi sun tsare shi da wasu don ba su da takarda, kuma da harsashi a ƙaurinsa. Alhamdulillahi. Na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ofishinmu na dā a Abuja, shafi biyu, kowane sakin layi da lambarsa. Keturah ta tsaya bakin ƙofa: "Baba, wasiƙa zai fito da shi?" Na ce haka ake yi, aikin gwamnati da gwamnati ba cinikin kasuwa ba ne.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Aminat ta ɓata min karin kumallo. Wai ba Haidar ne ke ofishin jakadancinmu na Kamaru ba? In ɗaga waya in kira shi mana.
Ni in kira Haidar? Yaron da ya zo min da kwat ɗin aro, na koya masa yadda ake riƙe cokali a liyafa, na gyara masa rahotonsa na farko da jan biro har ya yi ƙwalla? Sallah biyu yana zuwa Yola, motarsa ta bi ta unguwarmu Makama, bai tsaya ya ce Ambasada Mu'tasim ina kwana ba. Ranar da aka yi min walimar ritaya ma kujerarsa wayam. A aikinmu ƙarami ke fara zuwa gaisuwa, a gidan ubana ma haka ne. Wasiƙata za ta same shi ta hanyar da ta dace, ya yi aikinsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Shiru. Wasiƙa ta biyu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Na buga ofishin Abuja. Wata yarinya ta ɗauka, ta ce in maimaita sunana. Sau biyu! Sai kuma, "Daga wane kamfani?" Ni da na miƙa takardun kama aiki ga shugabannin ƙasa biyu, aka buga min taken ƙasa ina tsaye. Ta ce oga na mitin. A zamaninmu wasiƙa ba ta kwana uku a tire. Kai, an lalata aikin nan, wallahi an lalata shi.
Keturah ta daina tambayata. Tana share tsakar gida tun asuba, ba wanda ya sa ta. Ƙaramar 'yar, Kezia, ta wanke min mota ta ce haka babanta ke yi, daga rufi zuwa taya.

Alhamis, 20 ga Nuwamba
Direban nan ya sake zuwa. An ce ƙafar ta fara wari. Na rubuta ta uku, da zafi wannan karon, har na sa "cikin gaggawa" na ja layi. Aminat ta karanta ta ajiye ta ce, "Alhaji, da wa kake faɗa ne, da Abuja ko da Haidar?" Shekara arba'in da aure ba ta taɓa yi min magana haka ba. Ban ci tuwo ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba
Bayan la'asar na fito na tarar da Keturah ta ɗaure kaya a zani. Za ta tafi iyaka da kanta. Ba fasfo, ba Faransanci, hanya kuma kowa ya san halinta. Na ce ta yi haƙuri, amsa na tafe. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Baba, Absalom ya ce min kai ba ƙofa da ba za ka iya buɗe ba. Ni na yarda da shi."
Na shiga ɗaki na kira Haidar. Ba don komai ba, don kar matar mutane ta mutu a hanya a ce daga gidana ta fita.
Bugu biyu ya ɗauka. "Barkama, ranka ya daɗe! Oga, kai ne?" Wai kunya ce ta hana shi zuwa, tunda ya rasa walimar nan ya kasa haɗa ido da ni. Wasiƙu kuwa ko ɗaya bai gani ba. Ya karɓi suna, ya ce in ba shi zuwa gobe. Minti huɗu duka maganar.

Talata, 25 ga Nuwamba
Kafin azahar ya kira. An saki Absalom. Dama tun makon jiya aka kai shi asibiti, jibi mota za ta kawo shi har Makama. Sai ya ce da sauran magana, na ce faɗi. An yanke ƙafar daga gwiwa, ranar goma sha tara ga wata. Likitan ya ce da an kawo shi kwana goma kafin nan... Haidar bai ƙarasa ba. Yaron yana da ladabi, wannan kam ban taɓa musu ba.
Har yanzu ina cewa ofishin nan bai kyauta ba. Wasiƙa uku! Kuma ƙa'ida ƙa'ida ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba.
Na faɗa wa Keturah yana zuwa, na faɗa mata batun ƙafar. Ta yi kuka, sannan ta durƙusa tana cewa Allah ya saka, Baba, Allah ya ƙara girma. Na ce ta tashi, ta ƙi. Aminat na tsaye tana kallona.
Keturah ba ta san tun ranar bakwai ga wata Aminat ta ce in kira Haidar ba, lambarsa kuma na cikin wayata. Gobe da safe zan je ɗakinsu in faɗa mata, kafin Absalom ya iso ya fara yi min godiya shi ma.